Kwantaccen Cikin Inna Rabi

An yi sadakar arba'in ɗin Inna Rabi, baƙi sun watse, ni ma na koma lekwal, wato makarantar boko. Ina rubuta wannan ne saboda matan da ciwo irin nata zai iya kamawa, da waɗanda ke zaune gida ɗaya da su. Abin da idona ya gani zan faɗa, yadda ya biyo juna.

Inna Rabi ƙanwar mahaifiyata ce. Da aka yaye ni sai aka kawo mata ni daga Garagumsa, domin ita ba ta haihu ba. A hannunta na tashi, cikin Birni, nan Damagaram. Mijinta, Baba Mamman, baduku ne, a zaure yake ɗinkin jaka da takalma da kube. Mu uku ne a gidan.

Amma tun ban yi wayo ba na san akwai na huɗu da ake lissafawa. Kafin a kawo ni, Inna ta taɓa yin ɓatan wata har uku, sai kuma jini ya dawo. Tsofaffi suka duba ta suka ce ba ɓari ba ne, cikin kwanciya ya yi. A wajenmu an yarda da haka: ciki yakan kwanta shekara da shekaru, sai ranar da Allah ya so ya tashi. Ba a maganarsa a fili. Sai dai in an kawo goron suna, maƙwabta su ce da ita, “Saura naki, Rabi, in mai barcin ya farka.” Ita kuwa ta ja mayafi ta rufe baki.

Shekarar da ciwon ya fara, damina ta ƙi. Gero ya kai gwiwa ya bushe a tsaye. Mutanen ƙauye suka cika gari, suna kwana bakin kasuwar Dole da gindin katangu. Famfon unguwa sai ya ga dama yake kawo ruwa, in ya kawo kuma layin bokiti ya wuce ƙofar masallaci. Fata ta yi arha saboda dabbobi na ta mutuwa, amma Baba ya ce fatar yunwa ce, ana sa mata basilla take yagewa. Mai sayen jaka ma babu. Muka koma cin abinci sau ɗaya a wuni, tuwon jar dawar taimako da miyar kuka.

Abu na farko, Inna ta daina cinye tuwonta. Loma kaɗan sai ta turo mini kwanon.

“Na ƙoshi, Mariyama. Cinye.”

Maƙwabciyarmu ta gani ta ce, “Kai, Rabi! Ko uwar da ta haifa sai haka.” Kowa ya ɗauka ni take bar wa. Ni ma haka na ɗauka, har ranar da aka yi suna a unguwa aka aiko mana da shinkafa wadda ta ishe mu har ta ragu. Ranar ma ba ta ci ba sai ɗan kaɗan. Ta dafa ƙasan haƙarƙarinta, ta yi gyatsa irin ta wanda cikinsa ya cika da gaske.

Tana ramewa, amma wa bai rame ba a shekarar? Zobenta na azurfa ya fara zamewa, ta naɗa masa zare. Da zaren ya kasa, ta mai da shi babban yatsa. Fuska da wuya da hannu suna janyewa, ƙugu kuwa yana ƙaruwa. Ni ke cika mata buta, shi ya sa na san tana zagayawa fiye da da. Butar da kan wuni, yanzu kafin azahar ta ƙare.

Wajen kaka, ko da yake ba abin da aka girbe, Goggo Falmata ta zo daga Mirriya. Yayar Baba ce, mace mai ƙarfin murya, ita ta aurar da shi. Ta ajiye kayanta, ta sha ruwa, ta ƙura wa Inna ido.

“Tashi ki tsaya, matarmu.”

“Lafiya, Yaya?”

“Tashi dai na ce. Juya gefe.” Ta tafa hannu sau ɗaya. “Mariyama, ruga ki kira Iya Dije, ki ce mata kaina ke ciwo. Kar ki tsaya surutu a hanya.”

“Wannan ce za ta yi surutu?” in ji Inna. “Ko gaisuwa sai an roƙe ta.”

Iya Dije ita ce ungozomar unguwarmu, rabin yaran Birni a hannunta suka faɗo. Aka kore ni waje, na zauna gindin asabari ina tsince dawa. Na ji Iya Dije ta nemi man gyaɗa. Can sai ta ce, “Ya tashi. Ga kai nan, gefen dama, da taurinsa.” Goggo ta cusa mayafi a baki ta yi guɗa a ciki don kar maƙwabta su ji.

A ranar Goggo ta kafa dokokinta. Ba daka, ba ɗaukar ruwa, ba gaya wa kowa. Ba kuma zuwa likita.

“Cikin da ya daɗe a kwance ba a firgita shi,” ta ce da Baba. “Su can ƙarfe mai sanyi suke ɗora wa mace a ciki. In ya ji sanyin ya koma barci, kai za ka tashe shi, Mamman?”

Baba ya ce a'a. Iya Dije ta yi lissafi ta ce cikin yana da wata uku a ajiye tun na da, saboda haka wata shida ya rage, farkon bazara ke nan. Aka fara karɓo rubutu. Goggo ta aiko da sassaƙe daga Mirriya, ana jiƙawa Inna na sha safe da yamma.

Gaskiya ita ce ban taɓa ganin gidanmu cikin farin ciki kamar makonnin nan ba. Inna tana tankaɗe tana ƴar waƙa a hanci. Baba, wanda ba ya sayar da kome, yakan dawo da dabino biyu ko uku a aljihu ya ajiye mata kan faifai. Ni kuwa ya fara kirana Yaya Mariyama.

Da sanyi ya shigo cikin ya yi girma sosai, fatarsa ta miƙe tana sheƙi. Wata rana ina shafa mata mai a ƙafa na ce, “Inna, yana motsi?”

“Ji mini yarinya mara kunya!”

Ta yi dariya, amma ta kamo hannuna ta ɗora, ta juya gefe a hankali. Na ji abu ya gangara daga wannan ɓangare zuwa wancan. Ni a gidan baduku na tashi, na san yadda salka ke yi in an cika ta aka karkata. Haka na ji. Da Goggo ta sake zuwa na tsaya bayanta har ta juyo, na ce mata kamar ruwa ne.

“Da a cikin me kike so yaro ya zauna, ƴar lekwal, cikin yashi? Wuce ki ba ni wuri.”

Makonnin da suka biyo baya, ƙafafunta suka kumbura, in ka danna yatsa wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba. Bayan gida ya ƙi fita sai da wuya. Ta kasa kwanciya sosai, sai a jingine da bango, tana numfashi sama-sama. Duk abin da ya fito, akwai wadda ta taɓa yin irinsa ta haihu lafiya. Wata ta ce tagwaye ne. Wata ta ce namiji ne, su ke cinye uwa haka. Baba ya tambaya sau ɗaya ko a leƙa likita, Goggo ta ce saura ƙiris, kar ya ɓata abin da aka yi shekaru ana jira.

Farkon bazara, daidai lokacin da Iya Dije ta faɗa, ciwo ya taso mata a mara da baya. Aka ce naƙuda ce. Aka hura wuta, aka sayi ruwa tulu biyu aka ɗora. Ta wuni a durƙushe, ta kwana, ta sake wuni. Ba abin da ya sauko. Iya Dije da kanta ta fito ta wanke hannu ta ce da Baba, “Malam Mamman, wannan ta fi ƙarfina. A nemo amalanke.”

A matanite, asibitin haihuwa, safam, wato ungozomar asibiti, ta ɗora ɗan ƙahonta a cikin ta kara kunne. Ta matsa nan, ta matsa can, ta daɗe. Ta ƙwanƙwasa cikin da yatsa. Sannan ta fito da mu baranda, inda Inna ba ta ji.

“Wa ya ce muku ciki ne?”

Ta rubuta takarda ta tura mu babban asibiti.

Layin asibiti a shekarar ba ya misaltuwa. Yara masu ƙyanda, tsofaffi masu gudawa, mutanen daji da ƙafa ta fashe musu da tafiya. Tun safe muka shimfiɗa wa Inna tabarma a inuwar bango, inuwar na gudu muna binta. Mai gadin ƙofa yana daka wa mutane tsawa kamar awaki. Sai bayan la'asar aka kira mu, gado kuwa sai washegari. Ruwan sha da na wanka daga gida nake kawowa, a kai, kafin in tafi lekwal.

Aka soka mata allura mai kauri a gefen ciki aka jona roba. Ruwa rawaya ya riƙa zuba a bokiti har ya kusa cika. Cikin ya saɓe. A ranar Inna ta sha kunu kwano guda, ta nemi ƙari, ta yi barci a kwance. Goggo ta ce mata ruwa ne ya rufe yaron, yanzu za a gan shi. Inna ta ce to.

Likitan mutumin yamma ne, Hausarsa kaɗan ce. Da majo, babban mai jinya na ɗakin, yake magana da Faransanci, majo ya juya mana. Da ya gama duba ta ya yi magana mai tsawo. Majo ya juyo ya ce da Baba, “Ƙari ne a cikinta. Za a yi aiki. Sauran na Allah ne.” Ni ina tsaye gefen gado da kwano a hannu, ba wanda ya kula da ni. Na ji “cancer”, ciwon daji. Na ji “ovaire”, mun yi shi a aji, wurin da ƙwan mace ke fitowa.

Kafin aiki aka ba Baba ordinas, takardar sayen magani, mai tsawo, har zaren ɗinki da safar hannu a ciki. Wani maganin babu a farmasin asibiti, sai cikin gari. Baba ya sayar da fatun da ya ajiye, sannan kwanonin auren Inna, waɗanda ba a taɓa cin abinci a ciki ba. Wani Alhaji Bakano da ke sarin takalma wajensa ya zo dubiya ya ce, “Malam Mamman, ka kai ta Kano a yi mata tiyata, ni zan sauke ku.” Amma iyaka a rufe take lokacin. Aka ambaci Yamai, likita ya ce ba za ta jure hanyar ba.

Aikin bai daɗe ba, abin da ya sa majo ya ƙi kallonmu ke nan da aka fito da ita. Washegari likita ya zagayo da wasu samari biyu masu koyon aiki. A ƙafar gadon Inna ya tsaya yana yi musu bayani. Ya ce ya cire abin da zai ciru, amma ciwon ya watsu ko'ina kamar an yafa gero. Ya ce mahaifa ba kome a cikinta, ciki kuma ba ya kwanciya. Ya ce wannan ciwo ba shi da hayaniya: ƙoshi da wuri, kumburin ciki, yawan fitsari, rama, abubuwan da mace ba ta ɗauka a bakin kome. Tun da ya zo garin nan, in ji shi, yawancin matan da ya gani sai ciki ya cika da ruwa ake kawo su, kuma kaɗan ne cikinsu ke ganin wata damina. Ƴan kaɗan da aka gano nasu da wuri, har yanzu suna zuwa gaishe shi. A ƙasashen da ke da magungunan da ake bi da su bayan aiki, mata suna daɗewa fiye da da, amma ko can wadda ta zo da wuri ita ke da rabo. Ya rufe da “trop tard”, an makara. Majo bai juya ko ɗaya ba.

Goggo ta ce da Inna an gyara wa yaron wuri ne. Baba kuwa in ya zo sai ya zauna bakin ƙofa yana jan carbi.

Bayan ƴan kwanaki, da rana, Goggo ta tafi salla, Baba ya tafi neman magani. Inna tana kallon ruwan da ake ƙara mata yana ɗiga.

“Mariyama.”

“Na'am, Inna.”

“Tun kina ƴar mitsitsiya nake dama miki koko kina tafiya koyon yaren mutanen nan. Yau ina son in ga amfaninsa. Me ya ce?”

“Majo ya ce ƙari ne.”

“Na ji na majo. Na likita nake tambaya.”

Na sunkuyar da kai na faɗa mata, ban rage ba. Ba ta katse ni ba sai da na gama.

“Yaron fa? Ya mutu?”

“Ba a mace yake ba, Inna, ba a kwance ba. Ya ce babu.”

Can ta ce, “Ina yarinya rub-da-ciki nake barci, har duka na sha a kai. Tun kafin a kawo ki ban sake ba. Kullum gefen hagu, kar in danne shi.” Ta yi ƴar dariya, ta dafe ɗinkin. “Ashe iska nake ta lallaɓawa.”

Ba ta yi kuka ba a gabana. Ta ce in miƙo mata ruwa, kuma kar in gaya wa Baba ta sani, in bar shi ya faɗa da kansa in zai iya. Bai iya ba.

Da aka cire zare aka sallame mu. Ruwan ya dawo, muka koma aka zuƙe, ya sake dawowa da sauri fiye da na farko. Daga baya ta ce ta gaji da amalanke da layi, a bar ta a ɗakinta. Abin da ban manta ba shi ne rashin maganin ciwo. Ƙwayoyin da ake samu na ciwon kai ne, ba sa yi mata kome, tana cizon gefen zane don kar Baba ya ji daga zaure. Gari guda, a rasa abin da zai sa mace ta huta. Amma majo, wanda ya ɓoye mana magana, shi ne kuma yakan biyo gidanmu a kekensa in ya tashi aiki, ya yi mata allura in ya samu, ko ruwa ba ya yarda ya sha. Wata mata ƴar Durum da muka yi maƙwabtakar gado, wadda ba ta da kome, ta tako har Birni da ƙullin garin zogale. Allah ya saka musu.

Iya Dije ta daɗe ba ta zo ba. Ranar da ta zo, a bakin ƙofa ta tsuguna ta kasa shiga.

“Shigo, Iya,” in ji Inna. “Ba ke kika sa mini ba. Ni ma ai so nake.”

Ga masu karanta wannan: in mace tana ƙoshi da loma kaɗan, cikinta na girma jikinta na janyewa, kar a ce yunwar shekara ce, kar a ce tausayin ƴaƴa ne, kar a ce kwantacce ne ya tashi. A kai ta a duba tun tana tafiya da ƙafarta. In ciki ne, dubawa ba ta mai da shi barci.

Wata safiya ina goge mata jiki ta ce, “Yaya Falmata za ta ce da ciki na tafi. Ba don mugunta ba, don ta rufa mini asiri. Ki ce a'a.”

“Ni, Inna?”

“Ke. Ke kaɗai kika ji da kunnenki.”

Ta rasu ranar Laraba da hantsi, kanta a cinyar Goggo. Allah ya ji ƙanta, ya sa ta huta.

Ranar sadakar uku tsakar gida ta cika da mata, na Birni da na Mirriya da danginmu na Garagumsa. Ni ke zagayawa da ƙwaryar ruwa. Wata baƙuwa ta tambayi me ya same ta.

“Da cikinta ta tafi, baiwar Allah,” in ji Goggo. “Shekara da shekaru tana jira. Ta yi shahada.”

“Allah sarki,” mata suka amsa. “Shahida ce.”

Na ce, “Ba ciki ba ne.” Ba wadda ta ji. Wata ma ta miƙo hannu in ba ta ruwa. Na ba ta, na jira ta sha, na sake faɗa da ƙarfi kaɗan.

Mahaifiyata ta harare ni daga can gefe, ta yi mini alama in shiga ɗaki.

“Ke, ƴar lekwal,” in ji Goggo, “a gaban manya?”

“Ciwon daji ne, Goggo, na wurin ƙwai. Likita ya ce da an zo da wuri...” Na dubi ƙwaryar. “Ita ta ce in faɗa.”

Goggo ta juya. Ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin Inna.

“Ta sani?”

“Ta sani.”

“Tun yaushe?”

“Tun asibiti.”

“Ina ta gaya mata an gyara wa yaro wuri, tana ce mini to.” Ta share fuska da bakin mayafi, da ƙarfi, kamar mai goge kwano. Sannan ta matsa gefe a tabarmar manya. “Ajiye ƙwaryar nan kafin ki zubar mana da ruwa. Zo ki zauna. Ki faɗa musu duka, har da nawa.”

Na zauna. Na faɗa, matan baya suna ta cewa in ɗaga murya. Ba wadda ta tashi sai da aka kira la'asar.